Shirin Musamman: Sunan Baƙo a Gadon Bayanka

Shirinmu na musamman na yau ya yada zango a Kongo da ke Tudun Wadar Zariya, kuma zancenmu a kan rigar ƙwallo ne, wadda samari ke kira jesi, da abin da ya haɗa ta da baƙo.

Duk wanda ya bi ta ƙofar Kongo da yammacin Asabar, lokacin da gidajen kallo ke tayar da janareta, zai ga jesi iri-iri: ja na Arsenal da Liverpool, shuɗi na Chelsea, mai ratsi na Barcelona, jefi-jefi kuma na Kano Pillars. Wasu sababbi fil, wasu daga dilar gwanjo. To, a karanta sunayen da ke baya. Salah ɗan Masar ne da neman abinci ya kai shi Ingila. Saka, iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Landan. Yamal kuwa mahaifinsa ɗan Maroko ne, mahaifiyarsa 'yar Ikwatoriyal Gini. Ashe ɗalibin lauya da ɗan acaɓa da yaron mai shayi duk suna yawo da sunan ɗan ci-rani ko ɗan baƙi a gadon bayansu, suna kuma tinƙaho da shi.

Akwai waɗanda suka lura da ƙarfin wannan riga, suka sa ta aiki da gangan. A birnin Dublin na ƙasar Ailan akwai wata tsohuwar ƙungiya mai suna Bohemians, an kafa ta tun 1890, kuma magoya bayanta ne suka mallake ta. A 2020 ta haɗa kai da ƙungiyar Amnesty ta fitar da rigar wasannin waje. A ƙirjin rigar, inda aka saba ganin sunan kamfani mai talla, sai aka sa hoton iyali suna gudun tsira, da rubutun da ke cewa ana maraba da 'yan gudun hijira. Mutanen Ailan sun san zafin abin, domin yunwar da ta fara a 1845 ta kori kimanin mutum miliyan ɗaya daga ƙasar, suka watsu suna neman mai karɓarsu.

Wani zai ce ai riga tufa ce kawai, ina ita ina sauya zuciya? Wasu masu bincike sun duba yankin da birnin Liverpool yake bayan zuwan Salah a 2017. A sakamakon da suka wallafa a 2021, sun gano laifukan ƙiyayya sun ragu da kusan kashi 16 cikin 100, kuma kalaman ɓatanci ga Musulmi da magoya bayan ƙungiyar ke rubutawa a Twitter sun ragu da kusan rabi. Mutumin da ya saba tafa wa mai sujada bayan cin ƙwallo, bakinsa kan yi nauyi wajen zagin maƙwabcinsa mai salla.

Amma labarin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi ɗaci, na Victor Moses ne. A Kaduna ya taso, tafiyar kimanin kilomita 80 daga inda muke. A wani rikici da ya ɓarke a can a 2002 aka kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa, yana ɗan shekara 11. Dangi suka yi ƙoƙari aka kai shi Ingila a matsayin mai neman mafaka, wasu iyali a kudancin Landan suka riƙe shi. Daga Crystal Palace ya tafi Wigan, ya shiga Chelsea a 2012, ya ɗauki kofin Firimiya da ita a 2017. Ya buga wa ƙungiyoyin matasa na ƙasar Ingila wasa, amma da lokacin zaɓi ya zo, kore da fari na Najeriya ya ɗauka. Shi ya ci ƙwallaye biyu a ragar Habasha a gasar Afirka ta 2013, wadda Najeriya ta ɗauko kofinta. Masu sauraro, ku dubi wannan al'amari da kyau. Jiharmu ce ta mai da shi maraya, baƙi suka rene shi, ya kuma dawo ya sa mu murna. Duk mai jesin Chelsea a Kongo ya kamata ya san wannan tarihi.

Ita kanta Tudun Wada ai unguwar baƙi ce tun asali. Da Turawan mulkin mallaka suka tsara Zariya, sun bar Birni ga Zazzagawa, suka ware Sabon Gari ga mutanen Kudu da jirgin ƙasa ya kawo, Tudun Wada kuma ta zama masaukin 'yan Arewa da ba haifaffun Birni ba. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, haifaffen Kagara ne, amma wa zai raba sunansa da Zariya a yau? Harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, mai tsangayar shari'a da ta harkokin mulki, ta yaye Tibi da Ibo da Barebari da Yarabawa, da yawansu a gidajen hayar unguwar nan suka kwana suka tashi.

Duk da haka, har gobe ana jin ana cewa "wane ai ba ɗan nan ba ne". Ana faɗa wa Buzu mai gadi, ana faɗa wa ɗan Nijar mai tura kurar ruwa, ana faɗa wa wanda aka haifa a Tudun Wada amma takardar shaidar asali ta gagare shi. Alhali mun ɗanɗana irin wannan a jikinmu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango na cikin waɗanda suka kwaso kaya. A 1983 mu ma muka kori fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana. A Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa gida. A gefe guda kuma, tun 2019 ƙauyukan jihar Maraɗi ta Nijar ke karɓar dubban mutanenmu na Zamfara da Sakkwato da 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Wanda ke karatun tarihin Musulunci ya san sahabbai sun samu mafaka a wurin Najjashi na Habasha, ya kuma san yadda mutanen Madina suka raba dukiyarsu da Muhajirai.

Saboda haka muna da roƙo ga masu horar da ƙungiyoyin unguwa, da shugabannin ɗalibai masu shirya gasar tsangayoyi a Kongo, da masu hannu da shuni da ke saya wa yara jesi. Mun saba ganin sunan ɗan takara a ƙirjin riga, zaɓe na wucewa rigar ta zama tsumma. A karo na gaba da za ku je wurin mai buga rubutu, ku sa ya buga "Maraba da Baƙo" da Hausa, da boko ko da ajami, yadda dattijon da ke wucewa bakin fili zai iya karantawa. Kuɗin bugun ɗaya ne. Sai dai rubutun ba zai yi amfani ba sai kun cika shi da aiki: ku ba yaron nan ɗan Nijar lamba a ƙungiya, ku sa ɗan Sabon Gari a gaba in ya fi iya ci, kuma ranar da wani ya zagi ɗan wasa da garinsu ko addininsu, alƙalin wasa ya tsayar da wasan har sai ya ba da haƙuri.

Masu sauraro, nan muka kawo ƙarshen shirin. In ƙungiyar unguwarku ta buga irin wannan riga, ku sanar da mu, za mu zo har filinku da na'urar ɗaukar magana.