Tara yashi da ɓaraguzan gini a kan hanya: me doka ta ce?

A garuruwan gundumar Gure, har da ƙaramar hukumar Alakos ta jahar Damagaram, mai gini kan jibge yashi, tubali da ɓaraguzai a ƙofar gida, wani lokaci har su cinye rabin hanya. To amma hanya ta jama'a ce, kuma tun 1993 dokar tsabtar jama'a ta Nijar ta hana zubar da tarkace a kanta.

Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ɗora kula da tsabta da zirga-zirga a wuyan magajin gari. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, shugabannin riƙo ne ke wannan aiki.

Don haka kafin tifa ko amalanke ta sauke kaya, mai gini ya nemi izini a ofishin magajin gari, ya bayyana wurin da yawan kwanakin, ya karɓi rasit in an caje shi.

Dalili a fili yake: tulin ƙasa na kayar da masu babur da dare, da damina kuma ya tare ruwa ya juya shi cikin gidajen maƙwabta, katangun laka su jiƙe su faɗi.