Tsuntsayen tsibiran yashi na Binuwai: abin da ke ƙayyade yawansu

Duk shekara idan rani ya kama, ruwan kogin Binuwai ya ja baya, tsibiran yashi kan bayyana a tsakiyar kogin a ƙananan hukumomin Lau, Karim Lamido, Gassol da Ibi na Jihar Taraba. Tsibiran ba sa wuce 'yan watanni, domin da zarar damina ta kankama ruwa yake sake shanye su. A cikin wannan ɗan taƙi ne wasu tsuntsayen ruwa ke yin ƙwai, su yi kwanci, su raini 'ya'yansu har su iya tashi. Ko yawansu zai ƙaru ko zai ragu ya dogara ne a kan abu guda: tsibirin ya zauna a keɓe, ruwa na kewaye da shi, har ƙananan su yi fiffike.

Taraba ba ta da teku, amma wannan ita ce ƙa'idar da ke tafiyar da rayuwar tsuntsayen teku a tsibirai masu nisa, kuma abin da ya faru da su ya isa ishara.

Halin da tsuntsayen teku ke ciki

Akwai nau'o'in tsuntsayen teku kimanin 350 a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskantar barazanar ƙarewa. Wani bincike da masanan Jami'ar British Columbia ta Kanada suka wallafa a 2015 ya nuna cewa garkunan da ake bibiyar ƙidayarsu sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1950 da 2010. Manyan dalilan da masana suka gano su ne dabbobin da mutane suka shigar tsibirai, da faɗawa cikin ƙugiyoyi da tarun manyan jiragen kamun kifi, da sauyin yanayi.

Tsibirin Gough da ke kudancin Tekun Atlantika ya zama abin misali. Ɓerayen da suka biyo jiragen ruwa a ƙarni na 19 sun yaɗu a cikinsa, suka koyi cin ƙananan tsuntsaye da ransu a cikin sheƙa, har aka ƙiyasta asarar ƙwai da 'ya'ya kimanin miliyan biyu a kowace shekara. An yi gagarumin aikin kawar da su a 2021, amma kafin shekarar ta ƙare aka sake ganin ɓera. A tsibirin South Georgia kuwa aikin ya yi nasara, inda aka ayyana shi a matsayin wanda ya rabu da ɓeraye a 2018.

Kusa da gida, a Mashigin Tekun Gini, akwai tsibiran Tinhosas na ƙasar Sao Tome da Principe, ƙananan duwatsu biyu da babu mai zama a kansu, waɗanda tsuntsayen teku fiye da dubu ɗari ke taruwa a kai don hayayyafa. An saka su cikin jerin wuraren Yarjejeniyar Ramsar a 2006.

Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne, tsuntsayen suna yin ƙwai a ƙasa, ba su da wata kariya sai ruwan da ya raba su da masu cinsu. Yawancinsu ƙwai kaɗan suke yi a shekara, saboda haka idan garke ya ragu yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Mazauna yashin Binuwai

Ɗaya daga cikin dangin tsuntsayen teku a Binuwai shi ne wanda masana ke kira Rynchops flavirostris, wanda za a iya kira mai yankan ruwa. Baƙi ne a baya, fari a ciki, bakinsa ja mai ɗorawa a ƙarshe, kuma ɓangaren ƙasa na bakin ya fi na sama tsawo. Yakan tashi dab da fuskar ruwa da almuru ko da asuba, ya tsoma bakin yana keta ruwan, da ya taɓa ɗan kifi sai ya datse. An ƙiyasta yawansa a duk nahiyar Afirka tsakanin 15,000 da 25,000 kacal.

A Afirka ta Yamma yana hayayyafa ne daga wajen watan Maris zuwa Yuni, lokacin da ruwan koguna ya yi ƙasa. Sheƙarsa ɗan rami ce a cikin yashi, inda macen ke yin ƙwai biyu ko uku. Kwancin kan ɗauki kimanin mako uku, sannan ƙananan su yi wajen wata guda kafin su tashi. Ke nan yana bukatar kusan wata biyu na zaman lafiya a kan tsibiri.

Akwai kuma Glareola cinerea, ƙaramin tsuntsu mai ruwan toka da ke zama garke-garke a yashin Neja da Binuwai, da Pluvianus aegyptius, wanda ke binne ƙwansa a cikin yashi. Da tsakar rana a bazara yashi kan yi zafin da zai iya dafa ƙwai, don haka iyayen kan jiƙa gashin cikinsu a ruwa su dawo su sanyaya sheƙa. Wannan ne ya sa ko korar ɗan lokaci ma asara ce: idan mutum ko dabba ta tayar da uwa daga kan ƙwai, rana ko shirwa ko hankaka na iya gamawa da shi kafin ta dawo.

Yadda tsibiri ke rasa kariyarsa

Hanya ta farko ita ce ruwa ya ƙafe fiye da kima, tsibiri ya haɗe da gaɓa. Daga nan shanu kan ratsa su tattake sheƙu, karnuka da guza su samu hanya, yara kuma su kwashi ƙwai.

Hanya ta biyu ita ce ruwa ya taso ba a lokacinsa ba. Sheƙun ba su da nisa da bakin ruwa, har igiyar da jirgi mai inji ke tayarwa idan ya wuce da gudu na iya wanke su. Madatsun ruwa ma suna sauya tafiyar kogi: suna tare yashin da ke gina tsibirai, suna kuma sauya lokacin hawa da saukar ruwa. An ga irin wannan a kogin Zambezi bayan gina manyan madatsu. Binuwai, mai tsawon kimanin kilomita 1,400, yana da madatsar Lagdo a Kamaru wadda aka kammala a 1982, kuma mazauna bakin kogin a Taraba sun ɗanɗana tasirinta a ambaliyar 2012 da ta 2022.

Hanya ta uku ita ce bukatun rayuwa. Masunta kan kafa bukkoki a kan yashi da rani, manoma na shuka a gaɓar da ruwa ya bari, sannan bunƙasar gine-gine a garuruwa irin su Jalingo, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991, ta ƙara kasuwar yashi. Duk waɗannan halattattun hanyoyin neman abinci ne, sai dai lokacinsu ya zo daidai da na kwancin tsuntsaye.

Cewa tsuntsu na iya barin wuri ɗungurungum ba zato ba ne. Mai yankan ruwa ya taɓa hayayyafa a yankin St Lucia na Afirka ta Kudu, amma tun shekarun 1940 ya daina.

Ƙidaya da abin da za a iya yi

Ana sanin halin da garke ke ciki ne ta hanyar ƙirga sheƙu a wuri guda, a lokaci guda, shekara bayan shekara. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967 kuma ƙungiyar Wetlands International ke jagoranta, ana yin ta ne a watan Janairu, wato kafin tsuntsayen yashi su fara ƙwai. Saboda haka sanin yawan masu hayayyafa yana bukatar a shiga kwale-kwale da bazara a bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya.

Nijeriya na da cibiyoyin da suka san wannan aiki. Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos ta daɗe tana horar da masana, kuma ita ke tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, inda 'yan sa-kai ke aika bayanan abin da suka gani ta wayar hannu. Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1980, ita ce abokiyar aikin BirdLife International a ƙasar. A cikin jihar kuma akwai Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo da Jami'ar Tarayya ta Wukari.

Taraba ta yi suna da tsuntsayen daji, musamman a Gandun Gashaka-Gumti mai nau'o'i fiye da 500 da kurmin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila. Waɗannan suna da iyaka da masu gadi. Tsibirin yashi kuwa yakan sauya wuri daga shekara zuwa shekara, don haka babu shingen da zai kare shi sai yarjejeniyar mutanen da ke amfani da kogin.

Matakan ba su da tsada. Sarakunan ruwa da masunta sun fi kowa sanin tsibirin da tsuntsaye ke sauka. Idan aka keɓe irin waɗannan 'yan tsibirai daga Maris zuwa Yuni, aka kauce musu wajen ɗibar yashi da shayar da dabbobi, direbobin jirage kuma suka rage gudu a kusa da su, ƙananan za su samu watanni biyun da suke bukata kafin ruwan damina ya rufe yashin.