Yadda Masu Zane Na Zamanin Barok Suka Nuna Mu'ujizai

Ta yaya mutum zai zana mu'ujiza a kan takarda? Ikon Allah ba abu ne da ido ke gani ba, balle alƙalami ya kama shi. Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci masu zane na Turai a zamanin da ake kira Barok, wato daga wajen shekarar 1600 zuwa 1750. Dabarar da suka yi ita ce, su nuna abin da mu'ujizar ta yi wa mutanen da ke tsaye a wurin: tsoro, da kuka, da riƙe baki.

Akwai dalili. A 1563 babban taron ikilisiyar Katolika a garin Tirento ya yarda a ci gaba da sa hotuna a majami'u domin su koyar da jama'a, su kuma motsa zuciya. To, mai zane na Italiya, Caravaggio, ya zana tashin Li'azaru a 1609, da duhu mai yawa da haske kaɗan. Hannu ɗaya na Li'azaru ya miƙe wajen haske, ɗayan kuwa yana reto ƙasa kusa da ƙoƙon kan matacce, kamar rai da mutuwa suna jayayya a kansa.

Amma a ganina babu kamar Rembrandt, mutumin Holan, wanda aka haifa a 1606, ya rasu a 1669. Majami'un Furotesta na ƙasarsa ba su rataya hotuna, saboda haka yawancin aikinsa gidajen mutane ya shiga. Yakan zana da allura a kan farantin jan ƙarfe da aka shafe da kakin zuma, a sa ruwan asid ya ci layukan, sa'an nan a shafa tawada a buga a takarda.

Sau biyu ya buga labarin Li'azaru ta wannan hanya, labarin da ke cikin Yohanna sura 11. A na wajen 1632, yana saurayi, Yesu na tsaye, ya ɗaga hannu sama ƙwarai, haske ya cika kabarin, wani mutum ya ja da baya ya ware hannuwa don firgita. Kai ka ce za ka ji ihun mutane. A na 1642 kuwa, hoton ƙarami ne, Yesu ya ɗan ɗaga hannu kawai, jama'a sun yi tsit, Li'azaru na ɗago kai a hankali kamar mai farkawa daga barci. Na farkon ya fi ɗaukar ido, amma na biyun ya fi daɗewa a zuciya, domin mai kallo yakan sami kansa ya yi shiru tare da su.

Haka nan a 1633 ya zana hadari a Tekun Galili da fenti. Almajirai na fama da igiyoyi, ɗaya ma ya leƙa gefen jirgi yana amai, abin da wani mai zane zai ji kunyar nunawa. In ka ƙirga za ka sami mutum 14 a jirgin, ba 13 ba, masana da yawa kuma na ganin wanda ke duban mai kallo Rembrandt ne da kansa. A watan Maris na 1990 ɓarayi suka sace hoton daga wani gidan adana kayan tarihi a Boston ta Amurka, har yau ba a gano shi ba.