Na'ura a Aji: Abin da Alƙaluman Nijar Ke Nunawa

Kashi 17 cikin 100 na al'ummar Nijar ne ke amfani da intanet a farkon 2024, bisa rahoton DataReportal na wannan shekarar. Adadin ya kama mutum miliyan 4.7, wato mutum ɗaya cikin shida. Sauran, kimanin miliyan 23, ba su shiga lissafin ba. Daga wannan jimla ce ake auna duk wani shiri na kai darasi ga malamai ta intanet. Alal misali, Tondibia, da ke bakin Yamai a kan hanyar Tilaberi, tana daidai inda birni ke ƙarewa, karkara ta fara. Makarantar da ke irin wannan wuri tana tsakanin alƙaluma biyu, na birni da na ƙauye.

Tazarar ta fi fitowa a wutar lantarki. Alƙaluman Bankin Duniya na 2022 sun nuna kusan kashi 20 cikin 100 na 'yan ƙasar ne ke samun wuta. A birane rabon ya kai kusan biyu cikin uku, a karkara kuwa bai kai kashi 10 ba. Kafin Yulin 2023, kimanin kashi 70 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya yake zuwa, kuma an katse layin a watan Agusta na shekarar, bayan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta cike wani ɓangare na giɓin a Yamai.

Ginin ajin kansa yana cikin lissafi. Hukumomin Nijar sun ba da adadin azuzuwan zana kimanin 36,000 a farkon shekarun 2020. Ajin zana ba shi da ƙofar kullewa, ba shi da bangon da za a ja waya a kai, kuma akan sake kafa shi bayan damina. A watan Afrilun 2021 gobara ta kashe yara 20 a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Kwamfuta ko majigi ba su da wurin kwana a ɗakin da aka yi da kara da zana.

A gida ma lissafin bai canza ba. Rahoton UNICEF da ITU na 2020 ya nuna kashi 95 cikin 100 na yara masu shekara 3 zuwa 17 a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba su da intanet a gida. A duniya baki ɗaya rabon biyu cikin uku ne. Ma'anar wannan ita ce, darasin da aka ɗora a intanet ba ya isa ga ɗalibi kai tsaye. Sai ya bi ta hannun malami.

Shirin malamin shi ma an auna shi. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malaman kwantaragi kimanin 60,000 jarrabawa, kashi ɗaya cikin uku ne suka samu maki 10 cikin 20 ko fiye. Biyu cikin uku, kenan, suna buƙatar ƙarin horo a darussan da suke koyarwa. Wannan adadi ya nuna wanda ya fi buƙatar kayan karatu na intanet: mai riƙe da alli.

Sakamakon ɗalibai ya bi wannan sawu. A gwajin PASEC na 2019, wanda CONFEMEN ta gudanar a ƙasashe 14, kimanin kashi 30 cikin 100 na 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne suka kai matakin da ake buƙata a karatu. A gwajin 2014 rabon bai kai kashi 10 ba. Ya ninka sau uku cikin shekara biyar, amma a 2019 yara bakwai cikin goma suna ƙasa da matakin.

Akwai adadi ɗaya da ya zarce sauran. DataReportal ta ƙirga layukan salula kimanin miliyan 16 da rabi a farkon 2024, kusan kashi 60 cikin 100 na yawan jama'a. Mutum ɗaya kan riƙe layi biyu, don haka masu wayar ba su kai wannan yawa ba. Duk da haka layukan sun ninka masu intanet fiye da sau uku. Malami kan kai wayarsa wurin mai caji, ya karɓi takardar shirin darasi ta WhatsApp daga abokin aiki, washegari ya kwafe ta a allo. Wayar ba ta buƙatar ɗaki mai ƙofa, tana kwana a aljihu.

An gwada tasirinta a cikin ƙasar. A 2009 da 2010, a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram, shirin ABC na ƙungiyar Catholic Relief Services ya koya wa wani ɓangare na 'yan ajin yaƙi da jahilci amfani da salula. Binciken Jenny Aker da abokan aikinta, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa waɗanda suka koyi aiki da wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Wayoyin na kira da saƙo ne kawai.

Ta fuskar kuɗi, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 140 ga shirin ilimi na LIRE a 2020, wanda horar da malamai ke cikin ginshiƙansa. A shekarar ya ware dala miliyan 100 don kai layin sadarwa ƙauyuka. A Disambar 2020 UNESCO ta buɗe dandalin karatu ta intanet na Imaginecole ga ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci, har da Nijar. Starlink kuma ya fara aiki a ƙasar a watan Maris na 2025.

Nijar ta taɓa bin wannan hanya ta kai na'ura aji. Talabijin na makarantu, Télé-Niger, ya fara a 1964, kuma a zangon gwaji ya kai makarantu 22 da ɗalibai kimanin 800. Daga 1968 aka soma kunna akwatunan talabijin ɗin da hasken rana. Masu kula da azuzuwan kuwa, takardar kammala firamare gare su, da horo na 'yan watanni. Na'urar ta yi aiki, amma ta tsaya a kan kaso kaɗan na yaran ƙasar.

Idan aka jera alƙaluman, kashi 17 na intanet da kashi 20 na lantarki suna ƙasa, kashi 60 na salula yana sama, malaman kwantaragi biyu cikin uku kuma, bisa jarrabawar 2017, suna buƙatar horo. Darasin da aka tsara don wayar malami, wanda ake saukewa sau ɗaya a karanta ba tare da intanet ba, shi ne ke iya wuce Tondibia ya isa ajin zana a ƙauye.