Dutsen Dala da Tsumburbura: Kano Kafin Kiran Salla

Matashin da ya hau Adaidaita Sahu daga Rijiyar Lemo ya nufi cikin gari, zai hango Dutsen Dala ya yi tsaye a tsakiyar gidaje. Ka tambaye shi abin da ya faru a gindinsa, da wuya ya wuce sunan Barbushe. Alhali nan cibiyar Kano take.

Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa mazauna Dala suna bauta wa Tsumburbura ne a gindin wata bishiya mai suna Shamus. An kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, babban bokansu. Ranar biki jama'a kan taru da almuru, wani riƙe da baƙin kare, wani baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. Barbushe ya shige shi kaɗai, idan ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. A irin haka ne, in ji littafin, ya yi musu albishir mai ɗaci: baƙo zai zo ya karɓe mulki. Sai ga Bagauda a 999.

Tsafin bai mutu dare ɗaya ba. Sarki Tsamiya ya rushe katangar. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar. Sai a mulkin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin zuwan Shehu Magili, aka sare ta.

Wasu al'ummun kan raya wuraren bautarsu na dā: a Japan, mabiya addinin Shinto sukan sake gina wurin bautarsu na Ise duk bayan shekara 20, na baya-bayan nan a 2013. Mu ba bauta za mu raya ba. Allah Ya raba mu da ita, mun gode Masa. Amma wanda bai san duhun jiya ba, ina zai san darajar hasken yau?

Don haka iyaye da malamai, ku kai yara su hau Dala, ku ba su labarin. Maƙwabtan dutsen kuma, a daina mayar da shi juji.