Tuffa mai lulluɓin alawa: ƙwalamar kaka a Amurka

A duk shekara, da zarar watan Satumba ya kama a Amurka, sanyi ya fara sauka, ganyayen itatuwa suka juye zuwa ja da ruwan ɗorawa, akwai wata ƙwalama da kan bayyana a kantuna da wuraren baje koli da ɗakunan girkin iyalai. Tuffa ce da ake sokewa da tsinke, a tsoma ta cikin narkakkiyar alawar madara da ake kira karamel.

Yara ne suka fi ɗokinta, musamman gab da bikin Halloween na ranar 31 ga watan Oktoba. Iyaye da dama kuma sun fi son su haɗa ta da kansu a gida, domin aiki ne da kan tara iyali wuri guda.

Sai dai duk da sauƙin da ake ganin tana da shi, haɗa ta na buƙatar sanin makama. Kuma wata annoba da ta ɓulla a shekarar 2014 ta nuna cewa sakaci wajen ajiye ta na iya kai wa ga asarar rai.

Me ya sa sai da kaka?

Amsar tana gona. A Amurka ana tsinkar tuffa ne daga watan Agusta zuwa farkon Nuwamba, kuma jihar Washington da ke arewa maso yammacin ƙasar ita ce ke samar da fiye da rabin abin da ake nomawa. A wannan lokaci tuffa kan wadata, farashinta ya sauka, ga ta da ƙarfi da garɗi tun da ba ta daɗe a ma'ajiya ba.

Yanayin ma yana taimakawa. Alawa ba ta shiri da zafi ko laima, domin takan narke ta zube. Busasshiyar iskar kaka mai sanyi ita ce ke sa ta daskare da kyau a jikin tuffar.

Daga ina ta samo asali?

Wadda ta fara bayyana ita ce mai jan lulluɓi na zallar sukari, mai ƙarfi kamar gilashi. Ana danganta ƙirƙiro ta ga wani mai sana'ar alawa a birnin Newark na jihar New Jersey, William Kolb, a shekarar 1908. Irinta ce ake sayarwa a Birtaniya a daren 5 ga watan Nuwamba, lokacin da ake wasan wuta domin tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisar dokokin ƙasar da bai yi nasara ba a 1605.

Mai laushin, wato ta karamel, daga baya ta zo. Kamfanin Affy Tapple na birnin Chicago ya ce tun 1948 yake yin ta. Wani labarin kuma na cewa wani ma'aikacin kamfanin Kraft mai suna Dan Walker ne ya narkar da ragowar alawar Halloween a shekarun 1950, ya tsoma tuffa a ciki. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, buga bayanin yadda ake haɗa ta a jikin ledar alawar da kamfanin ya riƙa yi ya taimaka wajen shigar da ita gidaje.

A da, magidanta kan raba wa yaran unguwa irin wannan tuffa a daren Halloween. Al'adar ta ja da baya tun daga shekarun 1960 da 1970, sakamakon jita-jitar cewa wasu na cusa reza ko allura a ciki. Binciken da masanin halayyar jama'a Joel Best ya wallafa a 1985 ya nuna cewa an kambama wannan fargaba ƙwarai, to amma ta riga ta zauna a zukatan iyaye. Yanzu wadda aka haɗa a gida, akasari a gida ake cinye ta.

Yadda ake haɗa ta

Matakin farko shi ne zaɓen tuffa. An fi amfani da koriyar nan mai tsami da ake kira Granny Smith, wadda asalinta daga Ostareliya ne a 1868. Tsaminta ne ke karya zaƙin alawar, kuma namanta ba ya saurin laushi. Ƙanana ko matsakaita sun fi manya daɗin riƙewa.

Mataki na biyu, wanda masu koyo kan tsallake su yi nadama, shi ne cire kakin da ke jikin ɓawon. Tuffa na da kakinta na halitta, sannan kamfanoni kan ƙara shafa mata wani domin ta yi sheƙi kuma kada ta yamutse a hanya. Muddin kakin na nan, alawar za ta zame ta taru a ƙasa. Saboda haka akan tsoma tuffar cikin tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙoƙi, a goge ta sosai da tsumma mai tsabta, a bar ta ta bushe sarai. Daga nan a cire hancin, a soka tsinke mai kauri, a sa ta cikin firiji ta yi sanyi.

Ga tuffa takwas zuwa goma, wani haɗi da aka saba da shi ya ƙunshi kofi biyu na jan sukari, kofi ɗaya na ruwan sukarin masara, rabin kofi zuwa kofi ɗaya na man shanu, gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai zaƙi, da ɗan gishiri. Ana dafa su a tukunya mai kaurin gindi bisa matsakaiciyar wuta, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa don kada madarar ta kama. Masu gaggawa kan sayi alawar karamel ta kanti, su narkar da ita da cokali biyu na ruwa ko madara.

Idan ta dahu, sai a sauke ta ta ɗan huce, a karkata tukunyar, a tsoma tuffar ana jujjuya ta, a bar rarar ta tsiyaye. Mai so kan birgima ta cikin dakakkiyar gyaɗa ko cakulan, sannan a jera ta kan takardar gashi da aka shafa wa mai.

Sirrin yana ga zafin wuta

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tuƙa alawar madara a ƙasar Hausa ya san cewa tazarar da ke tsakanin dahuwa da ƙonewa ba ta da yawa. A nan ma haka abin yake.

Yayin da haɗin ke tafasa, ruwan cikinsa na ƙafewa, zafinsa kuma na hauhawa. Zafin da aka tsaya a kai shi ke nuna yadda alawar za ta kasance bayan ta huce. Ana son a sauke ta a tsakanin digiri 113 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos. Ƙasa da haka za ta yi ruwa ta zube, sama da haka kuma za ta yi taurin da zai wahalar da haƙora. Mai jan lulluɓin nan kuwa sai ta kai kusan digiri 150.

Inda babu ma'aunin zafi, akan ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. Idan ta dunƙule ta tsaya da kanta, amma ta lotsa da an matsa ta da yatsa, to ta yi.

Launinta da ƙamshinta na fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadarin furotin na madara a kan wuta, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya yi bayaninsa a 1912. Shi kuwa ruwan sukarin masara, aikinsa shi ne hana sukarin komawa tsaki-tsaki kamar yashi.

Akwai kuma buƙatar taka-tsantsan. Wannan alawa ta fi tafasasshen ruwa zafi, kuma takan manne wa fata. Shi ya sa ake shawartar manya su yi aikin tsomawa, a bar wa yara aikin ado bayan ta huce.

Darasin shekarar 2014

Daga watan Oktoban 2014 zuwa farkon 2015, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tabbatar da cewa mutane 35 a jihohi 12 sun kamu da cutar da ƙwayar listeriya ke haddasawa. An kwantar da 34 a asibiti, bakwai sun mutu, kuma an tabbatar cutar na da hannu a mutuwar aƙalla uku daga cikinsu. Goma sha ɗaya daga cikin waɗanda suka kamu mata ne masu juna biyu ko jarirai sabbin haihuwa.

Akasarin waɗanda aka yi wa tambayoyi sun ce sun ci tuffa mai karamel ta kanti. Bincike ya kai jami'ai ga wata masana'antar tattara tuffa a jihar Kalifoniya, wadda ta janye kayanta daga kasuwa a watan Janairun 2015.

Lamarin ya ɗaure wa masana kai, domin tuffa na da tsamin da ke hana ƙwayar yaɗuwa, ita kuma alawar ba ta da isasshen ruwa. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke Madison, ƙarƙashin jagorancin Kathleen Glass, su ne suka warware matsalar a wani rahoto da suka wallafa a watan Oktoban 2015. Sun gano cewa soka tsinke na sa ruwan tuffar ya ɗan fito ya kwanta tsakanin ɓawo da alawa, wurin ya zama matattarar da ƙwayar ke samun ruwa da sukari a lokaci guda. Zafin alawar kuma ba ya kashe duk ƙwayoyin da suka maƙale a lungun hancin tuffar.

A gwajin nasu, yawan ƙwayar ya ninka sau dubu cikin kwana uku a tuffa mai tsinke da aka bari a fili. Wadda aka sa a firiji kuwa ta kai kimanin mako guda kafin ƙwayar ta fara ƙaruwa. Jim kaɗan bayan fitowar rahoton, kamfanin manyan kantuna na Kroger ya kwashe irin wannan tuffa da ba a ajiye cikin firiji ba daga kantunansa.

Ko da yake ta kanti ce ta haddasa annobar, abin da ke faruwa a gindin tsinken bai bambanta ba ko a ina aka haɗa ta. Don haka shawarar masana ga masu yi a gida ita ce su wanke tuffar sosai, su yi daidai abin da za a iya cinyewa, su ci a ranar ko su sa a firiji nan take. Masu juna biyu, da tsofaffi, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, su ne ya kamata su fi kowa kiyaye wannan, domin su ne cutar ta fi yi wa illa.