Gida "mai kare muhalli": wa ya duba shi?

A bazarar bara na raka wani ƙanena duba gida a wani rukunin gidaje da ke wajen Abuja, inda aka kafa katon allo cewa gidajen masu kare muhalli ne. Muna shiga zafi ya tarbe mu kamar tanderu: tagogi na kallon yamma, ga rufin kwano babu silin kirki. Da na tambayi dillali wanda ya tabbatar da wannan iƙirari, sai ya yi shiru.

A tsarin EDGE na hukumar IFC ta Bankin Duniya, gida ba ya samun takardar shaida sai ya yi tsimin aƙalla kashi 20 cikin 100 na makamashi da ruwa, haka ma a ɓangaren kayan gini. Mai duba yakan tantance zane tun farko, bayan an kammala kuma ya taka da ƙafarsa ya ga famfo da gilashi da rufi, ya gwada su da takardun saye.

Nijeriya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, amma ƙa'ida ba ta hawa tsani ta leƙa rufi. Don haka, jama'a, kafin ku miƙa gumin shekarunku, ku nemi takardar mai duba. Gani ya kori ji.